Kwamfutar ƙungiya ta mutu da takardunmu: ina za mu riƙa ajiya, kuma yaya ake buɗe shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman rani a Talata Mafara, mambobinmu sun haura 200. Kwamfutar da muke rubuta rajista da lissafin adashi da bashin taki ta mutu, ba mu da kwafi a ko'ina. Wasu sun ce mu riƙa ajiya a intanet, wani yaro kuma ya ce mu biya shi ya buɗe mana shafi. Wanne za mu fara, kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Allah Ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka yarda mai gyara ya yi wa kwamfutar nan fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta ya sake saita ta. Sau da yawa abin da ya ƙone shi ne caja, ko batir, ko babban allon ciki, faifan da takardu suke kai kuwa lafiyarsa ƙalau. A ce wa mai gyara ya zare faifan, ya sa shi cikin ɗan akwatin da ake jona shi da wata kwamfuta ta USB, a kwashe abin da ke ciki. Idan aka jona aka ji yana ƙas-ƙas, a cire nan take, domin kowace kunnawa ƙara goge shi take yi. Idan kuma ya buɗe ya nemi makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, lamba ce mai alƙaluma 48, yawanci tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar.

Ajiya za ku fara, shafi ya biyo baya. Amma dukansu biyu a kan abu ɗaya suke tsaye: da sunan wa aka buɗe asusu, kuma makulli yana hannun wa. Ƙananan ƙungiyoyi sun fi yin asarar takardu ta wannan ƙofa fiye da ta lalacewar na'ura. Yaro ya buɗe komai da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya samu aiki a Abuja ko aka saɓa da shi a zaɓen shugabanni, shi ke nan ƙungiya ta koma roƙon kayanta.

Saboda haka ku buɗe sabon asusun Gmail da sunan ƙungiya, a gaban mutum uku: shugaba, ma'aji da kai. Ku sayi layin waya na musamman don wannan asusu. Layi sai da NIN ɗin mutum ɗaya ake yi masa rajista, to a rubuta cikin littafin taro cewa layin na ƙungiya ne, amana aka ba wane. A riƙa sa masa kati ana kira da shi ko sau ɗaya a wata, domin layin da ya daɗe a kwance kamfani yana rufe shi ya sake sayar wa wani, kuma wanda ya saya shi zai riƙa karɓar lambobin shiga asusunku. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba da za a turo wa wayar kafin a shiga. A wurin nan Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, ana amfani da kowace sau ɗaya ranar da waya ta ɓata ko babu sabis. A buga su a takarda, a haɗa da kalmar sirri cikin ambulan biyu, a manne, ɗaya gidan shugaba, ɗaya gidan ma'aji. Kalmar sirrin kada ta zama sunan ƙungiya da shekara. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani. Kuma ku sani, tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba yana iya goge shi da duk abin da ke ciki.

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce 3-2-1: kwafi 3 na kowane fayil, a kan kayan ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri nesa da ofis. A wurinku ke nan kwafi a kwamfutar aiki, kwafi a faifan waje, kwafi a intanet. Mutumin Zamfara ba sai an yi masa dogon bayanin dalilin da ya sa intanet kaɗai ba ta isa ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sauran garuruwa suka fi haka daɗewa. Duk wanda lissafinsa yake a Google kaɗai sai da ya fita jihar kafin ya gan shi. Haka a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, an yi kwanaki ana fama har a bankuna. Faifan waje kaɗai ma bai isa ba, tunda gobara ko ɓarawo ko ambaliya ba sa ɗaukar kwamfuta su bar faifan da ke aljihun jakarta.

Batun girman wuri, kyauta ta ishe ku in kun san abin da kuke zubawa. Google yana ba da gigabait 15, amma Gmail da Drive, wurin ajiye fayiloli, da Photos, wurin ajiye hotuna, duk a cikinsu suke ci. OneDrive na Microsoft gigabait 5 ne, Dropbox 2. Rajistar mutum 200 a Excel ba ta kai megabait 1 ba. Takardun taro na shekara goma ba za su cika gigabait ɗaya ba. Abin da ke cinye wuri hoto ne da bidiyo: hoton waya ɗaya megabait 3 zuwa 5 ne, bidiyon minti ɗaya mai kyau yakan kai 100. Ke nan bidiyon taron shekara na awa ɗaya zai kwashe kusan gigabait 6, fiye da kashi ɗaya cikin uku na wurinku. Ɗora shi ma aiki ne: a sabis mai gudun megabit 2 a daƙiƙa, gigabait 5 sai ya ci awa biyar da rabi, ban da kuɗin data. Bidiyo a bar shi a faifan waje, wanda ake so jama'a su gani a sa a YouTube. Kada kuma wani ya jona WhatsApp ɗin wayarsa da asusun ƙungiya, domin tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android cikin gigabait 15 ɗin nan take ci. Ranar da wuri ya cika, imel ma daina shigowa yake yi, ba ku sani ba.

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa, sai ka natsu. Manhajar Drive ko OneDrive da ake sa wa kwamfuta aikinta daidaitawa ne, wato abin da ya faru a folda ta kwamfuta shi zai faru a ta intanet. Ka gyara fayil, ya gyaru can. Ka goge shi da kuskure, ya gogu can. Bairos mai kulle takardu ya nemi kuɗin fansa ya kama kwamfutar, kullallun ne za su hau su maye gurbin masu kyau. Abin da ke ceto shi ne kwandon shara da tarihin gyare-gyare, su kuma ba dawwama suke yi ba: Google yana riƙe abin da aka goge kwana 30 ne, haka tsofaffin gyare-gyaren fayil ɗin Excel ko Word da aka ɗora. To lissafin bashin taki da ba a buɗewa sai bayan girbi, in ya lalace a watan Janairu, kafin a lura a watan Mayu an makara.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ƙarshen kowane wata a ɗauki foldar aiki gaba ɗaya, a dunƙule ta fayil ɗaya da manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, a sa mata suna da kwanan wata, misali 2025-03-31-ajiya. A ɗora wannan dunƙule da hannu ta burauza zuwa wata folda dabam da ba a jona da kwamfuta ba, a kuma kwafa shi a faifan waje. Ba a goge na watan jiya don an yi na yau. A riƙe na watanni 12, na ƙarshen kowace shekara kuma a bar shi har abada. Fara suna da shekara, sai wata, sai rana, shi ke sa fayiloli su jera kansu bi da bi. A sunan fayil a guji ƙ da ɗ da ɓ da alamar ɗauri, wasu manhajoji suna hargitsa su wajen kwafa, amma cikin takardar a rubuta Hausa yadda take.

7-Zip ɗin nan yana da wani amfani: yana kulle dunƙulen da kalmar sirri, a zaɓi tsarin AES-256. Ya zama dole a gare ku, domin rajistarku tana ɗauke da sunaye da lambobin waya, wataƙila har da NIN da lambar asusun banki da aka karɓa don neman tallafi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara irin wannan bayani alhakin tsare shi. Sai dai kullin ba shi da ƙofar baya. Kalmar ta ɓace, takardu sun tafi, ba mai buɗe muku. Ita ma ta shiga ambulan.

Wani tarko kuma da ba a cika sani ba: idan kun raba wata folda ta Drive da 'yan kwamiti, fayil ɗin da mutum ya ɗora daga asusunsa nasa ne, ko da a foldarku yake zaune. Ya goge ko ya rufe asusunsa, ya ɓace muku. Muhimmin abu a ɗora shi daga asusun ƙungiya, ko a yi kwafinsa daga can. Yawancin 'yan kwamiti izinin dubawa ya ishe su, izinin gyara a bar wa mutum biyu.

Littattafan takarda su ma a ɗauke su: takardar rajista, tsarin mulki, rasitai, takardun fili, littafin adashi. Manhajar Drive ta waya tana da sikana da ke mayar da shafi PDF. A shimfiɗa littafin a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba, a ɗauka baƙi da fari, shafi ba zai wuce 'yan ɗaruruwan kilobait ba. In za a turo maka hoton takarda ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil. Turawa ta hanyar hoto matse shi take yi har ƙananan lambobi su dushe.

Faifan waje, ku sayi biyu in hali ya yi, ana musanya su wata-wata, ɗaya a ofis ɗaya a gidan ma'aji. Iri biyu ne: mai faifai da ke juyawa a ciki ya fi araha amma ba ya son faɗuwa ko jijjigar babur yana cikin aiki. SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi tsada, ya fi jure hanya. Kowanne ne, a cire shi da zarar an gama kwafa, a sa a leda mai zif saboda ƙurar hunturu, kada a bar shi a mota da zafin bazara. Faifan da ke jone kullum, bairos ɗin da ya ci kwamfuta zai ci shi, haka wutar da ta dawo da ƙarfi ko janaretan da ya yi tsalle. Filash kuwa masinja ne, ba rumbu ba. Akwai na jabu a kasuwa da aka rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana karɓar kaya kamar gaske, sai ranar buɗewa a ga wayam. Manhajar H2testw tana cika filash ta sake karantawa ta faɗi ainihin girmansa, a gwada kafin a amince masa. Kuma filash ɗin da ake kaiwa shagon buga takardu kada ya taɓa zama na ajiya. Can ake kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Duk bayan wata uku a yi gwaji a gaban kwamiti. A ɗauki wata kwamfuta dabam, wani da ba kai ba ya buɗe ambulan, ya shiga asusu, ya sauko da dunƙulen watan jiya, ya buɗe rajista ya karanto sunaye biyar. A nan ake gano cewa an canza kalmar sirri ba a rubuta ba, ko ɗorawar ta tsaya a rabi tun watanni biyu da suka wuce saboda data ta ƙare.

Sai batun shafi. Ra'ayina, ku tambayi kanku wa zai karanta. Mambobi WhatsApp suke dubawa, wasu ma sai sanarwar masallaci ko ranar kasuwa. Shafi na baƙo ne: mai ba da tallafi, mai sayen shinkafa daga Kano ko Legas, jami'in da ke son tabbatar da ƙungiyar tana nan. Irin wannan mai karatu shafuka huɗu ko biyar sun ishe shi: su wane ne ku, me kuke nomawa a filayen Bakolori da yawansa, hotunan aiki, lambar rajista, da yadda za a same ku.

Abu uku ake haɗawa, kuma yaron da zai yi muku aiki ya kamata ya rarrabe muku kuɗin kowanne. Akwai adireshi, wato domen. Akwai hayar wurin da shafin zai zauna, wato hostin. Akwai ginin kansa. Biyun farko haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba. Adireshin da ya dace da ku mai ƙarewa da .org.ng ne, yana ƙarƙashin NiRA, hukumar da ke kula da sunayen .ng, a naira ake biya, kuma jerin dillalan da ta amince da su yana shafinta. Sunan ya zama gajere, wanda za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba. Ku da kanku za ku buɗe asusu a wurin dillalin da imel ɗin ƙungiya, ku biya daga asusun ƙungiya, sannan ku ba mai gini izinin shiga. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan domen, a idon dillali shi ne mai shi, ko wa ya ba da kuɗin. A biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya in da hali, a rubuta ranar ƙarewa a bangon ofis. Domen ya ƙare, shafi da imel ɗin da ke kansa duk tsayawa suke yi, fansarsa bayan wa'adi ta fi sabuntawa tsada, in aka ƙara jinkiri wani ya saye.

Ginin kuwa, ga ƙungiya irin taku Google Sites nake ba da shawara. Kyauta ne, ba kuɗin hostin, ba abin sabuntawa, ana jona masa domen ɗinku, kuma duk wanda ya iya Word zai iya gyara shi cikin yini ɗaya. Ba shi da ƙawa sosai, amma zai shekara biyar ba a taɓa shi ba bai lalace ba. WordPress, manhajar gina shafi da aka fara a 2003, shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke kai, kuma shi yaron zai so ya yi muku, don ya fi kyau ya fi faɗi. Sai dai kamar injin ban-ruwa yake, yana son mai duba shi. Duk wata sai an sabunta shi da ƙananan manhajojin da aka ɗora masa, domin ta tsofaffinsu masu kutse suke shiga, ka wayi gari shafin ƙungiyarku yana tallan caca. Kada a sa fiye da biyar ko shida, kada a yarda da jigon sata, wato tsarin fasalin shafi, da aka sauko kyauta alhali na kuɗi ne, irinsu sukan zo da ƙofar ɓarawo a ciki. Sunan shiga kada ya zama admin. Kwaɗon tsaro na https, wanda ke kare abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai karatu, kyauta ne daga ƙungiyar Let's Encrypt, takardarsa ta kwana 90 ce tana sabunta kanta, kada a saka muku shi a lissafi.

Idan WordPress kuka zaɓa, shi ma yana bukatar ajiya, kuma kashi biyu ne: fayiloli da rumbun bayanai, inda rubutun yake. Ɗaya ba ya tashi sai da ɗayan. UpdraftPlus, ɗaya daga ƙananan manhajojin da ake ɗora wa WordPress, yana kwashe duka biyun ya tura Drive ɗinku, a saita shi mako-mako, ya riƙe kwafi huɗu. Kada ku dogara da cewa kamfanin hostin yana ajiya. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ajiyarsu take wuri ɗaya da shafinsu suka rasa duka biyun.

A gina shafin don ƙaramar waya da sabis mai rauni. Hoto a rage faɗinsa zuwa ɗigo 1200, nauyinsa kada ya wuce kilobait 200, ba bidiyo mai kunna kansa, ba hotuna masu yawo a shafin farko. A gwada a Tecno ko itel mai araha a bakin gona, ba a kwamfutar mai gini ba. A duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun fito daidai, domin wasu salon haruffa ba su da su, sai a ga akwati ko harafi ya bambanta da 'yan uwansa. Noto Sans da Andika suna da su duka. A yi Hausa da Turanci, tunda mai ba da tallafi sau da yawa ba ya jin Hausa.

Abin da ba a sawa ya fi abin da ake sawa muhimmanci a halin da muke ciki. Ba jerin sunayen mambobi da ƙauyukansu, ba lambobin wayar shugabanni, ba sunan wanda ya ba da gudummawa da adadinta, ba ranar rabon kuɗi ko isowar taki, ba wurin rumbun ajiya. Labarin taro a sa bayan an watse. Hoton waya yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa, a kashe wannan a saitin kyamara kafin a fita gona. Hoton mata da yara sai da izini. Lamba ɗaya ta ƙungiya da imel ɗaya sun isa.

Da yaron kuwa a yi takarda, ko da ɗan shugaba ne: shafuka nawa, kuɗi nawa, rabi yanzu rabi bayan miƙawa, wa zai riƙa sabuntawa kuma nawa a shekara. Miƙawa tana nufin ya zauna da mutum biyu ya koya musu canza rubutu da hoto, ya ba da duk kalmomin sirri a rubuce, ku canza su a ranar, sannan ku buɗe masa nasa izinin dabam wanda za ku iya rufewa. In ƙungiyarku tana da rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku nemi shiga shirin Google na ƙungiyoyin sa-kai, yana ba waɗanda suka cancanta imel mai sunan domen ɗinsu da foldar da ƙungiya ce mai ita, ba mutum ba. Kuma a ƙara layi ɗaya a tsarin mulkinku: ranar miƙa mulki, ambulan biyu da layin waya da faifan waje suna cikin kayan da ake ƙirgawa tare da hatimi da littafin banki, a canza kalmomin sirri kafin a tashi daga taron.